Littafi Marar Bango

A lungun masu tsofaffin takardu, bayan babbar kasuwa,
inda ake naɗe ƙosai da jarrabawar bara,
Nomau ya tsinto shi.
Ba bango. Ɓera ya cinye sunan marubucin.
Dala biyu, mai shagon har da godiya.

Faransanci ne, amma numfashin ba na Faransa ba.
Wasu samarin Amirka ne, bayan babban yaƙi,
aka ce musu ga ofis, ga kwat, ga gida mai shinge,
suka ce a kai kasuwa.
Suka bi kwalta kamar waɗanda aka aika
ba a faɗa musu wurin wa ba.

Mu huɗu ne, korarrun lakwal tun yajin ɗalibai.
A kan rufin sito na kawun Arzika muke karanta shi,
fitilar ƙwai a tsakiya, sigari ɗaya yana zagaye.
Unguwa ta ce 'yan iska.
Muka karɓi sunan, don iska ba ta biyan haraji.

Tankari ne ya rufe littafin wata daren Laraba,
ya ce, to mu fa? Hanyarmu gurguwa ce?
An samar masa akawun awon gyaɗa,
kwana tara ya yi, ya bar musu sikelinsu.
Ya zama karen mota.
Tasawa, Damagaram, a dawo,
Ƙonni, Dogon Dutsi, a kwana ƙarƙashin kamyo,
yana rubutu a bayan rasit, a kwalin sukari,
sau ɗaya ma a hular direba.
Ba ya sa aya.
Ya ce aya birki ce, shi kuwa motarsa gangara take.

Tsahara ce ta mayar da tarkacen nan littafi.
Sakatariya a ofishin magajin gari,
bayan an tashi sai ta zauna da keken rubutun gwamnati
tana karanta hannunsa mai kama da sawun kaza.
Ita ta san inda ya yi ƙarya, ta bar masa.
Ita ta san inda ya gaji, ta cike masa.
Ko a mafarki ba mu ce a sa sunanta ba.
Mu da muka yi wa duniya tawaye,
shayinmu ma ita ke biya.

Sai shekaru suka yi abin da suka saba.
Nomau ya shiga duwan, ya yi tumbi.
Arzika na sayar da siminti, ya je Makka sau uku,
in na ambaci rufin sito sai ya duba agogo.

Tankari ya koma ɗakin uwarsa a Bagalam,
kwalba a bayan randa.
Yara masu babura sukan zo gaishe shi,
suna kiransa uban tafiya.
Ya kore su da takalmi.
Ya ce, ba gudu na rubuta ba, nema na rubuta,
ku kun ji ƙarar inji kawai.
Bai kai hamsin ba.
Mu bakwai muka bi gawarsa, har da mai haƙa.

Daga baya wani malamin lakwal ya ce mini
wai shi ma wancan, wanda ɓera ya ci sunansa,
kusa da uwarsa ya ƙare, yana faɗa da masu yabonsa.
Ban yi mamaki ba.
Kwalta duk tsawonta, ƙofar wata tsohuwa take nufa.

Shafi ɗari uku da goma sha biyu
suna cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona.
Ba a buga ba. Ba wanda ya tambaya.
Bana da damina na buɗe, na tarar gara ta shiga,
ta fara daga sama, daidai wurin suna.

Jikata ta ɗauki shafi ɗaya ta kai bakin ƙofa wajen haske,
ta karanta har numfashinta ya ƙare,
ta ce, Kaka, a ina ake tsayawa?